Babi na Shida: Zaman Ras da Antiyas a Tanki Ɗaya

Wanda ya kafa tankin murjani ba ya daɗewa sai ya ga wani giɓi. Duwatsu sun zauna, murjani ya buɗe, dodon koɗi da jatan lande suna ta kai-kawo a ƙasa, amma tsakiyar ruwan fayau take. Galibin kifayen da ake farawa da su masu lafewa ne, wannan ya kama rami, wancan ya manne wa dutse. A cikin masu yini a sarari suna shawagi, waɗanda kuma ba sa kai wa murjani baki, dangi biyu ne suka yi fice: ras da antiyas. Shi ya sa tambayar da ke biyo baya kusan kullum ɗaya ce, wato in aka haɗa su za su zauna lafiya?

Suna zama. A teku ma wuri ɗaya suke kiwo, sau da yawa a cakuɗe cikin garke guda. Da wuya ka ji ras ya kashe antiyas, ko antiyas ya kashe ras. Abin da ke ƙarar da su a tanki uku ne: yunwa, rikicin cikin gida tsakanin 'yan jinsi ɗaya, da daren da ba a yi masa shiri ba. Duka ukun tushensu guda. Teku tana ba kifayen nan abincin da ba ya yankewa da filin gudun da ba shi da iyaka, gilashi kuwa ba ya ba da ko ɗaya. Mai kiwo ne zai cike gurbin, kuma a kan yadda zai cike shi wannan babi ya tsaya.

Su wane ne

Ras babban dangi ne, masana suna kiransa Labridae, jinsunansa sun haura 600. A cikinsu akwai Cheilinus undulatus mai ƙullutu a goshi, wanda kan kai tsawon mita biyu, akwai kuma waɗanda ba su wuce yatsa ba. Ana gane ras daga iyonsa: da fukafukan gefe yake tuƙa kansa, wutsiya sai in gudu ya kama.

Ba kowane ras ne ya dace da tankin murjani ba. Manya irin su Thalassoma da Coris suna cinye jatan lande da kaguwa da dodon koɗi, wasu har kifar da dutse suke yi don neman abin da ke ƙarƙashinsa. Waɗanda ake nufi a nan rukuni uku ne. Na farko Cirrhilabrus, masu jinsuna kimanin 60, waɗanda ba su cika wuce santimita 15 ba, kuma a sarari suke kiwo. Na biyu Paracheilinus, sun fi ƙanƙanta, sun fi tsoro, mazansu kuma suna da wata rawa da suke yi da yamma, su baje fukafukai launinsu ya sauya nan take. Na uku ƙananan Halichoeres, kamar H. chrysus mai ruwan ɗorawa da H. melanurus, masu bin ƙasa da jikin duwatsu suna tsince tsutsotsi da ƙananan dodon koɗin da ke addabar murjani.

Har yau ba a gama sanin dangin nan ba. A 2019 masu bincike Yi-Kai Tea da Luiz Rocha da abokan aikinsu suka bayyana Cirrhilabrus wakanda, wanda aka samo a gaɓar Zanzibar ta Tanzaniya a zurfin da ya wuce mita 50. A 2022 aka bayyana Cirrhilabrus finifenmaa daga tsibiran Maldibs, da hannun wani masani ɗan ƙasar, Ahmed Najeeb.

Shi kuwa antiyas, wanda aka fi sani shi ne Pseudanthias squamipinnis. Duk wanda ya taɓa kallon hoton tudun murjani na Bahar Maliya, ya ga wani gajimaren ƙananan kifaye masu ruwan lemo a kan dutse, to su ya gani. Suna nan daga gaɓar Jidda har zuwa ta Fot Sudan, birnin da Hausawa da dama suke zaune. Kimanin kilomita 25 daga gaɓar Sudan akwai tudun Sanganeb, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. Daga Bahar Maliya jinsin ya bazu zuwa gabashin Afirka, Indunusiya, Japan da Ostareliya. Macen ruwan lemo ce, da zane mai ruwan shuni a ƙarƙashin ido, tsawonta wajen santimita 7. Namijin ya kusa ninka ta, launinsa ja mai sirkin shuni, da ƙaya ta uku a fiffiken baya wadda ta zarce sauran tsawo.

Abincin da ba ya yankewa

Inda tudun murjani ya fuskanci gudun ruwa, nan antiyas suke taruwa. Sukan ɗaga kaɗan daga dutse, su juya fuska wajen da ruwan yake fitowa, su riƙa cafke abin da ya kawo ɗaya bayan ɗaya. Abin da yake kawowa ƙananan halittu ne masu yawo da ake kira fulankiton: kofifod, ƙwan kifi, 'ya'yan kaguwa da na jatan lande. Kowace loma ba ta kai ƙwayar gero ba, amma ci ne daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kuma kifin yana iyo gaba da ruwa duk tsawon wannan lokaci. Ƙarfin da yake samu a take yake ƙone shi. Cirrhilabrus da Paracheilinus ma haka suke ci, sai dai sun fi kusa da ƙasa, a kan tarkacen murjani.

Kifin da aka halitta a kan wannan tsari ba zai rayu da babbar loma sau ɗaya a rana ba. Zai ci iya cinsa, saura ya nutse ya ruɓe, kafin la'asar cikinsa wayam. Ka'idar ita ce sau uku a rana a ƙalla, in da hali huɗu ko biyar, kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zai ƙare cikin minti ɗaya ko biyu. Abincin da aka fi dogara da shi daskararre ne: ƙananan jatan lande na Mysis, kofifod na Calanus da ake kamowa a arewacin Atlantika, da ƙwan kifi. Artemia, wani ƙaramin jatan lande na ruwan gishiri, yana da amfani wajen jawo sabon kifi ya fara ci, amma shi kaɗai ba ya riƙe jiki. Da zarar kifayen sun karɓi busassun ƙwayoyin abinci, aiki ya yi sauƙi, domin na'urar zuba abinci mai agogo za ta riƙa ciyar da su da rana mai gida yana wurin aiki, shi kuma ya ba da daskararre safe da yamma.

A wajen cin abinci ne haɗin dangin biyu yake nuna aibinsa. Ras ya fi zafin nama, ya fi rashin kunya, kuma ya fi saurin gane hannun mai ciyarwa. In aka zuba abinci wuri ɗaya a saman ruwa, ras ne za su yi wawa, antiyas su samu ragowa. Maganin shi ne a narkar da abincin a ɗan kofi, a zuba shi a bakin famfon da ke kaɗa ruwa, ya watsu ko'ina. Da haka kowa ya samu rabonsa, kuma antiyas ya fi kai baki ga abin da ruwa ke gudu da shi fiye da wanda ya tsaya cik. Alamar yunwa tana fara bayyana ne a jikin ƙaramar mace: ciki ya lotsa, naman da ke bayan kai ya zube. In ta kai haka, an makara ko an kusa.

Yawan ciyarwa kuma yana zuwa da nasa lissafin. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ƙwayoyin bakteriya da ke jikin duwatsu su mayar da ita naitirayit, sannan naitiret. Amoniya da naitirayit guba ne, dole gwaji ya nuna babu su sam. Naitiret da fosfet kuwa taruwa suke yi a hankali, in sun yi yawa gansakuka ta rufe murjani. Mai kiwo da ya ga haka, abin da ke fara zo masa shi ne ya rage abinci, kuma ta nan antiyas da yawa suka salwanta. Hanyar da ta dace ita ce a ƙara ƙarfin tacewa: na'urar kumfa mai tsame datti daga ruwa, wadda ta fi ƙarfin tankin, canjin kashi 10 cikin 100 na ruwa duk mako, da ƙaramin tanki a ƙasa inda ake noma ciyawar Chaetomorpha don ta zuƙe naitiret da fosfet, a riƙa yanke ta ana zubarwa. Wannan ƙaramin tanki yana da wata riba, domin kofifod suna hayayyafa a cikinsa, famfo kuma ya hauro da su babban tanki.

Jinsunan antiyas ma ba ɗaya suke ba wajen karɓar abinci. P. squamipinnis da P. bartlettorum suna da juriya, da su ya kamata a fara. P. dispar ya fi sanyin hali, yana son haƙuri. P. tuka kuwa, duk da kyansa, ya yi ƙaurin suna wajen ƙin abincin da ba mai rai ba, kuma gara a bar shi a teku.

Yadda mace take zama namiji

Dangin biyu sun yi tarayya a wani al'amari da ke ɗaure wa sabon mai kiwo kai. Galibinsu mata suke fara rayuwa, daga baya wasu su koma maza. A 1970 Lev Fishelson na Jami'ar Tel Abib ya wallafa abin da ya gani a tankunan bincike: muddin namijin P. squamipinnis yana cikin garke, matan suna nan a matsayinsu, amma da an cire shi sai ɗaya daga cikinsu ta sauya launi da hali da kayan ciki, ta zama namiji. Bayan shekara goma Douglas Shapiro ya nuna cewa adadin matan da ke sauyawa yana bin adadin mazan da aka cire.

A ɓangaren ras, D. R. Robertson ya bi garkunan Labroides dimidiatus a tsibirin Heron na Ostareliya, ya wallafa sakamakon a 1972. Namiji na mutuwa, cikin 'yan sa'o'i babbar mace ta fara zagaya yankinsa tana yi wa sauran mata irin abin da yake yi, cikin makonni biyu zuwa uku kuma ta iya barbara. A 2019 masu bincike na Jami'ar Otago ta Niyu Zilan suka bibiyi abin da ke faruwa a jikin Thalassoma bifasciatum na tekun Karibiyan, suka ga cewa sinadarin aromatas, wanda ke samar da sinadarin mace, shi ne ke fara tsayawa, kuma sauyin kan kammala cikin kwana goma.

Abin lura ga mai kiwo shi ne dalilin da ke hana mace sauyawa tun farko. Matsi ne. Namiji yana korar babbar mace a kai a kai don kada ta ɗago, ita kuma tana korar ta biyu, ta biyu ta kori ta uku, har a gangaro kan ƙarama wadda ba ta da wanda za ta huce a kai. A teku wannan kora ba ta da wani tasiri: garke ɗaruruwa ne, wadda aka kora ta matsa mita biyu ta ɓace cikin 'yan'uwa. A tanki lamarin ya koma na kaji a ƙuntataccen akurki, inda kowa ya san wadda ake tsattsaga, ita kuma ba ta da wurin zuwa. Sai ta laɓe a bayan dutse, ta daina fitowa cin abinci, ta rame, ta mutu. Daga nan wadda ke samanta ta gaji matsayin. Mutum ya sayi antiyas shida, bayan wata shida ya ƙirga uku, bai taɓa ganin jini ko rauni ba, ya ɗora laifin a kan ras da ke wucewa.

Saboda haka tsarin garken antiyas namiji ɗaya ne da mata huɗu ko biyar, masu ɗan bambancin girma, a sa su rana ɗaya. Yawan matan yana raba fushin namiji. Mace ɗaya ko biyu kacal ita ce haɗuwa mafi muni. Wasu sun fi son su sayi ƙananan mata zalla su bar garken ya fitar da namijinsa da kansa, kuma wannan hanya tana da kyau, don namijin da ya tashi a tanki ya fi wanda aka kamo da girmansa saurin sabo. Maza biyu na jinsi ɗaya kuwa, sai a tanki mai girman gaske. Wanda wurinsa bai kai ba, gara ya riƙe antiyas ɗaya tak, ko ya nemi Serranocirrhitus latus, wanda ba ya buƙatar garke, sai dai kogo mai duhu-duhu.

Ga ras shawarar ta juya. Masu kiwo sun daɗe da lura cewa macen Cirrhilabrus a tanki takan koma namiji ko da akwai namiji tare da ita, sai a wayi gari da maza biyu na jinsi ɗaya suna neman hallaka juna. Abin da ya fi zama lafiya shi ne namiji ɗaya daga kowane jinsi, jinsuna uku ko huɗu da launinsu da girmansu suka bambanta. Za su riƙa baje wa juna fukafukai, su yi 'yar zagaye, kowa ya kama gabansa. Wannan baje-kolin yana da amfani, domin namijin da ba shi da wanda zai nuna wa ado launinsa kan dusashe. Launin nan kuwa magana ce tsakaninsu. Ruwan teku yana shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, amma a 2014 masu bincike na Jami'ar Tubingen ta Jamus suka nuna cewa namijin Cirrhilabrus solorensis yana karɓar shuɗin haske a jikinsa ya mayar da shi ja, kuma in aka tace wannan ja daga hoton kansa da yake gani a madubi, faɗan da yake kai wa madubin yana raguwa.

Fili, duwatsu, da wanda zai fara shiga

Garken antiyas da ras uku ko huɗu suna son tankin da ya kai lita 450 zuwa 500, kuma tsawo ya fi zurfi muhimmanci. Mita ɗaya da rabi shi ne mafi ƙaranci, domin kora tana da iyakar nisa, in wanda ake kora ya wuce ta sai mai korar ya juya. Kada a gina duwatsu bango guda daga wannan kusurwa zuwa waccan. A yi su tsibi biyu ko uku, da ratar yashi a tsakani, da kafofin da kifi zai shiga ta nan ya ɓulla ta can. Abin da kifi bai gani ba, ba ya kora. A bar kashi ɗaya cikin uku na sama fili, famfuna su riƙa kaɗa ruwa da ƙarfi a nan, don antiyas su samu abin fuskanta. Gishirin ruwa ya tsaya a giram 35 cikin kowane kilo, zafinsa tsakanin digiri 24 da 26.

Wanda ya riga shiga tanki yana ɗaukar kansa mai gida, don haka mai rauni ake fara sa wa. Paracheilinus ne farko, a bar su su san wuri su kama cin abinci. Sai Cirrhilabrus masu sanyin hali da Halichoeres. Garken P. squamipinnis ya zo daga baya, don namijinsu yakan kori duk abin da ya yi kama da shi a launi da girma, musamman jan Cirrhilabrus. In antiyas ɗin masu tsoro ne irin P. dispar, sai a juya, su su riga shiga. Duk baƙon da zai tarar da wasu, a fara sa shi cikin ƙaramin akwati mai huji-huji da ake ratayawa a cikin tankin, na kwana biyu ko uku. Na ciki za su zo su yi ta hura hanci a jikin akwatin har su gaji, shi kuma baƙon ya ci abinci ya huta. In bayan kwana uku wani bai daina kai hari ba, an samu amsa tun ba a yi asara ba.

Ras biyu ne ya kamata a ambata don a kauce musu. Pseudocheilinus hexataenia mai zane shida yana da araha, yana da kyau, kuma da wuya ya mutu, shi ya sa ake yawan farawa da shi. Amma in ya girma ya riƙe wuri, yakan bi Cirrhilabrus da Paracheilinus da cizo har sai ya ga bayansu, kuma fitar da shi daga cikin duwatsu sai an rushe tankin. Na biyu shi ne Labroides dimidiatus, mai yi wa manyan kifaye tsiftar jiki. Alexandra Grutter ta ƙiyasta a Ostareliya cewa guda ɗaya yana cin ƙwarin jikin kifi sama da 1,000 a rana. Tanki ba shi da wannan yawan, sai ya koma damun maƙwabta da tsinka, ko ya rame.

Shirin dare

Da fitila ta mutu kowa yana da makwancinsa, kuma in babu shi ba a kwana lafiya. Antiyas suna cusa kansu cikin tsagar dutse, kowa da tasa, don haka tsagogin su fi kifayen yawa. Cirrhilabrus da Paracheilinus ma a dutse suke kwana, amma sukan lulluɓe kansu da wani yauƙi da suke fitarwa, wanda da safe ake ganin ragowarsa yana yawo a ruwa. Halichoeres kuwa nutsewa yake yi cikin yashi, haka ma in ya firgita. Yana buƙatar yashi mai laushi, zurfin santimita 5 zuwa 8. Tsakuwa mai kaifi tana yanka masa baki da ciki. Sabon Halichoeres kan shige yashi ya yi kwanaki bai fito ba, ko ya riƙa fitowa tsakar dare saboda jikinsa yana kan lokacin ƙasar da aka kamo shi. Kada a tona. Tono firgita shi yake ƙara yi, da kansa zai daidaita.

Sai batun tsalle. A teku, ras ko antiyas da ya tsorata yakan harba sama, kuma akwai ruwa mita da yawa a kansa. A tanki tazarar ba ta wuce taku ɗaya ba, sai ya tsinci kansa a daɓe. Murfi wajibi ne, kuma raga ce ta fi, mai idon da bai wuce milimita 6 ba, a rufe har kafar da waya da bututu suke shiga, don Paracheilinus yana fita ta inda ba a zata ba. Murfin gilashi yana riƙe zafi, yana kuma hana iska shiga ruwa. Fitila ta riƙa haskawa da dusashewa a hankali, domin kunna ta farat ɗaya cikin duhu na daga abin da ke sa tsalle.

Iskar oksijin ita ce haɗarin da ba a gani. Ruwan gishiri yana riƙe ƙasa da abin da ruwan daɗi ke riƙewa da kusan kashi 20 cikin 100, kuma yana ƙara zafi yana ƙara sakinta. Da dare murjani da ciyayi sun daina samar da ita, sun koma shaƙa tare da kifi da bakteriya. In famfo ya tsaya a wannan lokaci, masu yawan iyo irin antiyas ne ke fara galabaita. Mai karatu da ke Kano ko Yamai ko Damagaram, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40 kuma wuta ba ta da tabbas, ya sa wannan a gaban lissafinsa tun kafin ya sayi kifi ko ɗaya: na'urar sanyaya ruwa, inbata ko sola da za ta riƙe famfo har safe, da ƙaramin famfon iska mai batir da ke tashi da kansa in an ɗauke wuta.

Kafin kifi ya iso

Kusan duk ras da antiyas da ke kasuwa daga teku aka kamo su, a Indunusiya, Filifin, Maldibs, Fiji, Kenya ko Bahar Maliya. Yadda aka kamo su yana bin su har tanki. Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara matsin da ya kai na iskar duniya guda, don haka iskar da ke jakar cikin kifin da aka ɗauko daga mita 30 za ta kumbura ninki huɗu in aka fito da shi kai tsaye. Masunta na gari suna hawa da shi a hankali, wasu kuma su huda jakar da allura. Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya da ke San Faransisko ta ƙera wata 'yar tukunya mai riƙe matsi, SubCAS, wadda ake sa kifi a ciki tun a zurfi, a riƙa sassauta matsin cikin kwana biyu zuwa uku. Kifin kasuwa ba ya samun wannan gata. Wanda ka ga yana iyo kai ƙasa wutsiya sama, yana fama ya nutse, jakar iskarsa ta taɓu. A wasu yankunan Filifin da Indunusiya kuma an daɗe ana fama da masu fesa gubar sayanayid don sumar da kifi, duk da doka ta hana, kuma irin wannan kifi kan mutu bayan ya iso.

A shago, ka ce a ba shi abinci a gabanka. Wanda ya ci, ya tsallake rabin haɗari. Ka duba baki, don ras kan fasa bakinsa a jikin leda a hanya. Ka duba jikin antiyas ko akwai jan tabo, alamar Uronema, cutar da ke kisa cikin kwanaki kuma take iya zama a tanki ko babu kifi. Sannan a killace kowane sabon kifi a tanki na daban na wata guda a ƙalla, da guntayen bututun roba don ɓuya, da kwanon yashi in Halichoeres ne. A nan ake maganin tsutsar mashaƙa da furazikwantel, a nan kuma ake koya wa antiyas cin busasshen abinci ba tare da ras sun yi masa wawa ba. Cutar farin ɗigo, Cryptocaryon irritans, in ta shiga babban tanki sai an kwashe kifaye duka an bar shi babu kifi sama da kwana 72, domin maganinta na jan ƙarfe yana kashe murjani da jatan lande. Rigakafi ya fi magani.

Ga misalin tsarin da ke tafiya a tanki mai lita 500: namijin Paracheilinus ɗaya, mazan Cirrhilabrus biyu daga jinsuna daban, Halichoeres chrysus ɗaya, da P. squamipinnis namiji ɗaya mata biyar, a shigar da su bi da bi cikin wata uku ko huɗu. Bayan haka aikin kullum ƙirga ne. Duk lokacin ciyarwa a ƙirga kawuna, a nemo mafi ƙanƙanta a garken antiyas, a tabbata ta fito ta ci. Ranar da ta fara makara, a ƙara yawan ciyarwa, a duba wanda ke korar ta, in ya kama a fitar da ita ta murmure a tankin killacewa.

Wanda ya auna rayuwarsa ya ga ba zai iya ciyarwa sau uku a rana ba, ko wutarsa ba za ta riƙe famfo dare da rana ba, ya haƙura da antiyas tukuna. Cirrhilabrus biyu da Halichoeres ɗaya za su cike masa tsakiyar ruwan, sun fi jure kuskure, kuma a kansu zai koyi ido da hannun da garken antiyas zai nema daga baya. Yawan abincin da wannan garke ke ci shi ne zai kai mu ga babi na gaba, inda za a duba na'urar kumfa da sauran kayan tace ruwa dalla-dalla.